A Juya Takarda

Kawuna mutum ne da ba ya karɓar takarda bai juya ta ba. Ko katin gayyata ka miƙa masa, zai karanta gaba, ya juya ya dubi baya, ko da ya san fari ne tas. Mama, wadda ita ce yayarsa, takan ce ranar da aka miƙo masa takardar sallama daga duniya ma sai ya juya ya ga ko an yi ƙarin bayani. Shekara ashirin da tara ya yi yana riƙe da sito a wani babban kamfanin sayar da kayan gini, kuma a tsawon shekarun nan ko ƙusa ɗaya ba a taɓa nema an rasa ba. Ni kuwa sunan mahaifiyarsu aka sa mini, don haka tun ina rarrafe bai taɓa kiran sunana ba. Uwata yake ce mini, a gida da waje, ko a gaban wa.

Na fara da shi ne don duk abin da kamfaninmu ya zama daga bakinsa ya fito, kuma wannan ba a rubuce yake a ko'ina ba.

Mu biyu muka kafa kamfanin, ni da wani abokin karatuna da ake kira Zomo, saboda ko tafiya yake yi sai ka ce ana bin sa. Ofishinmu na farko wani ɗaki ne a saman shagon mai faci, da fanka mai kunne biyu da tebur ɗaya da muka raba da zaren caja. Dabararmu ba ta da wuyar faɗi. Ma'aikacin da aka aika ya sayo wani abu, ko ya hau mota, ko ya biya kuɗin dako, maimakon ya tara rasit a aljihu har wata ya ƙare, sai ya ɗauki hotonsa da waya. Manhajarmu ta karanta, ta jera, ta miƙa wa akanta. Akanta ya huta da tonon kwali, ma'aikaci ya ga kuɗinsa da wuri.

Mutumin farko da muka nuna wa, wani mai gidan buga takardu, ya danna ya danna, ya miƙo mini wayar.

"Karatu kam ta iya," in ji shi. "Amma ni abin da nake so, ta faɗa mini wa ke cutata."

Muka dubi juna ni da Zomo. Mun san kwamfuta, amma ba mu san mutane ba. A daren nan na kai wa Kawu kukana, ranar Asabar kuwa sai ga shi ya hawo benenmu yana haki, da littattafan rasit guda huɗu da ya saya a kasuwa da kuɗinsa. Ya zauna ya cike su da hannunsa, yana kwaikwayon kowace irin cuta da ya taɓa gani, ya baje mana a tebur.

"To, 'yan boko, ku nemo mini ɓarawo."

Ba mu gano ko ɗaya ba. Ya yi dariya har da tari. Sannan ya koya mana. Idan ka ga rasit biyar daga mutane biyar daban, amma lambobinsu suna bin juna, daga littafi ɗaya aka yago su. Idan rubutun hannun iri ɗaya ne, mutum ɗaya ne ya rubuta. Idan kullum kuɗin a dunƙule yake, babu canji ko kaɗan, to a ƙara buɗe ido. Zomo yana ta rubutawa. Asabar goma sha ɗaya Kawu ya yi yana hawa benen nan, bai taɓa karɓar ko kuɗin mota ba. Daga darasinsa muka gina abin da muka kira jan tuta, wato alamar da manhajar ke ɗorawa a kan rasit ɗin da ba ta yarda da shi ba.

A Asabar ta ƙarshe ne ya ɗaga mana yatsa.

"Saura guda, kuma ita ce babba. Kafin ku kira mutum ɓarawo, ku juya takardar."

Ya zaro wani rasit daga aljihun gabansa. Rubutunsa ne, lambar tana bin ta jiya, kuɗin a dunƙule. Duk alamun nan uku sun cika. Ya juya shi. A baya akwai dangwalen babban yatsa da shuɗiyar tawada, da sunan mutum a ƙasa.

"'Yan dakon da ke sauke mana siminti, wa ya ba su littafin rasit? Rabinsu ko biro ba su iya riƙewa ba. Ni nake rubuta musu daga littafina, su dangwala a baya. Gaba na ofis ne, baya na mai aikin. Haka ake yi a kowane sito da na sani. In na'urarku gaba kawai take gani, Uwata, to mutanen kirki za ta riƙa kamawa."

Don haka muka sa maɓalli biyu: ɗauki gaba, ɗauki baya. Idan manhajar ta ga dangwale ko sa hannu a baya, sai ta sauke tutarta.

Daga nan abu ya kama gudu. Mai gidan buga takardun ya faɗa wa surukinsa mai motocin haya, shi kuma ya faɗa wa wata makaranta. Cikin shekara biyu muka bar saman mai faci, muka koma ɗakuna uku kusa da tashar bas. A shekara ta huɗu masu zuba jari suka zo, mutane masu laushin hannu da tsinin takalmi, suka dubi lissafinmu suka gyaɗa kai. Muka haye hawa na shida a wani gini mai gilashi, mu saba'in da ɗoriya, har da masu aikin amsa waya kawai. Aka buga mini kati mai rubutun zinare. Yaran da muka ɗauka suna ce mini Manaja, ni kuma ina amsawa da wata murya da ban san ina da ita ba. Ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini daɗi.

Kawu sau ɗaya ya zo sabon ofishin. Ya ce na'urar hawa bene tana juya masa ciki, ya sha ruwa, ya shafa gilashin taga, ya sa mana albarka ya tafi. Ni ma zuwa gidansa ya koma sai an yi rasuwa ko haihuwa.

Wata Talata Zomo ya shigo taro da agogo a hannu. Ya ce ya auna: maɓallin baya yana cin daƙiƙa goma sha ɗaya a kowane rasit. Abokan hamayyarmu hoto ɗaya suke ɗauka, kuma masu tallata manhajarmu sun gaji da jin ana cewa tamu tana da nawa. Ya haska allo ya nuna cewa a cikin rasit ɗari, casa'in da bakwai bayansu fari ne.

"Saboda uku muke wahalar da casa'in da bakwai," in ji shi.

Da zan iya, da na ce Zomo ne ya cire maɓallin. Na sha gwada faɗin haka a zuciyata, ba ya zama. Shi lissafi ya kawo, hukunci nawa ne. Wata yarinya daga cikin masu rubuta manhajar ta ɗaga hannu ta tambaya, su ukun nan fa, su wane ne? Na san amsar, har da kalar tawadar. Na ce mata yanzu zamani ya canza, kowa yana da rasit na inji, a cire. A taron nan dai na ƙirƙiro taken da aka liƙa a jikin bas-bas na gari: Ɗauki hoto, yar da takarda. Aka tafa mini. Muka rubuta a littafin jagora cewa bayan kwana talatin kamfani yana iya yayyaga takardunsa, tunda komai yana cikin manhaja.

Bayan wata takwas sai ga babban kifi ya shigo koma. Kamfanin da Kawu ke wa aiki, mai rassa goma sha huɗu, ya ce zai gwada mu wata shida. In abin ya yi musu, za su sa hannu a kwangilar shekara biyar, wadda ta fi duk sauran cinikinmu in an haɗa. Masu zuba jari suka ce in wannan ta tabbata, za su ninka abin da suka sa. Kawu kuwa ba wanda ya kai shi murna. Mama ta ce har masu gadin ƙofa sai da ya nuna wa wayarsa, yana cewa aikin uwarsa ne.

A makon farko na gwajin ya kira ni. Ina tsaye a bakin ɗakin taro, baƙi suna jira na.

"Uwata, na duba ban ga wurin ɗaukar baya ba. Ko idona ne?"

Nan ne wurin da nake komawa kullum. Da na ce masa mun cire, Kawu, ka riƙe takardunka, da shi ke nan, magana ta ƙare. Amma kunya ta kama ni, ga baƙi suna kallona ta gilashi.

"An sabunta ta ne, Kawu," na ce. "Yanzu tana ganewa da kanta, ba sai an juya ba."

"Ikon Allah! To madalla. Allah ya yi miki albarka."

Na kashe wayar na shiga taro, na ce a raina gobe zan kira shi in gyara maganar. Goben nan sai da ta yi wata biyar.

Ranar Litinin uku ga wata, da hantsi, Mama ta kira. Ba ta ko amsa gaisuwata ba.

"An dakatar da kawunki daga aiki. Wai na'urarku ta ce ɓarawo ne."

Na rufe ƙofar ofis na buɗe asusun kamfaninsu. Rasit ɗari biyu da goma sha biyu, duk da jan tuta, duk rubutun Kawu, wannan rubutun nasa mai kwanciya gefe guda. Kuɗin sauke siminti, kuɗin ɗaukar rodi, kuɗin mai baro. Lambobi suna bin juna, hannu ɗaya, kuɗi a dunƙule. Manhajar ba ta yi kuskure ba, abin da ya koya mata ta yi, ban da darasi na ƙarshe da na cire da hannuna. Na kira sashen akantocinsu da wata dabara, na tambayi ina ainihin takardun suke. Yarinyar da ta ɗauka ta amsa da fara'a cewa duk wata suke yayyaga su, kamar yadda littafinmu ya ce. Na wata guda da ya rage ma an yayyaga ranar Juma'a.

Ban tsaya shawara da kowa ba, na zauna na rubuta wasiƙa zuwa ga shugaban akantocinsu. Na bayyana cewa manhajarmu ba ta ganin bayan rasit, cewa mu muka cire wannan, cewa jan tutar ba hujja ba ce a kan mai sito da ke rubuta wa 'yan dako. Na sa kwanan wata, na buga a takardar kamfani, na sa hannu. Rubutun bai ɗauke ni rabin awa ba. Sannan na kai wa Zomo.

Ya karanta a tsaye, ya zauna, ya sake karantawa.

"Yaushe kwamitinsu zai zauna a kan maganar Kawu?"

"Litinin mai zuwa."

"Mu kuma sa hannu a kwangila Laraba. Kwana biyu ne tsakani." Ya ajiye wasiƙar a hankali kamar ƙwai. "Ki ji ni da kyau. Kawu nawa ne ni ma, ban manta benen mai faci ba. Amma in wannan ta shiga hannunsu yau, sun ga mun rubuta da kanmu cewa jan tutarmu tana kama marar laifi. Ita suke saya fa. Mutum saba'in ne ke cin abinci a nan. Kwamiti kuma kin san halinsa, ba ya zama ranar da aka sa. Ko ya zauna, abin da aka rubuta ana iya gogewa. Ranar Alhamis ni zan kai ki da motata."

Maganarsa ba ta gamsar da ni ba, amma ta yi mini daɗi, kuma na san bambancin. Na koma ofishina na sa wasiƙar a aljihun tebur na ƙasa, inda nake ajiye takalmin canji.

Kwanakin nan ba na fatan maƙiyina ya yi irinsu. Ina zuwa aiki, ina gaisawa, ina duba allon talla, ina gyara jawabin da zan yi ranar Laraba, ƙafata tana taɓa aljihun teburin nan. Mama tana kira safe da yamma, ina ce mata ana dubawa.

"Ana dubawa, ana dubawa! Ba ke ce mai na'urar ba? Mutumin da ya sayar da kekensa ya biya miki kuɗin jarrabawa, shi ake dubawa?"

Na ce mata abin yana da matakai, ba ta san aikin ofis ba. Ban taɓa yi mata magana da wannan muryar ba. Ta ce to, Allah ya kyauta.

Shi kuwa Kawu bai kira ba ko sau ɗaya. Da ya kira ya zage ni da na samu sauƙi. Sau uku ina ɗaukar waya in nemo sunansa, in ajiye, don na san tambaya ɗaya zai yi mini, kuma ƙaryar da zan ƙara ta ƙare.

Kwamitin da ba ya zama ranar da aka sa, ya zauna ranar Litinin ƙarfe goma daidai. Da la'asar Mama ta kira, muryarta ƙasa-ƙasa. Ta ce ya dawo gida da kwali a hannu, da kofin shayinsa a ciki da tsohon kalkuletansa, ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa. Na gane abin da kwalin nan yake nufi. Duk da haka na jira Laraba. Wannan ma ina so a sani, don kwana bakwai na farko ina iya cewa na yi zaton za a ɗage, amma kwana biyun ƙarshe ba ni da abin cewa.

Aka sa hannu ranar Laraba. Aka yanka kek, aka ɗauki hoto. A hoton ina murmushi, yana nan a rataye a hawa na shida.

Alhamis da safe ban jira motar Zomo ba. Shugaban akantocin dattijo ne mai furfura a gira, ya karɓe ni da murna, yana zaton gaisuwar kwangila na zo. Na miƙa masa wasiƙar. Yana karantawa fuskarsa tana sauyawa. Ya cire tabarau ya murza ido.

"Baiwar Allah, da kin kawo wannan ranar Litinin."

Ya ba ni labarin zaman. Kawu ya zo da 'yan dako goma sha uku, suka tsaya a bakin ƙofa cikin rana, suna cewa a bar su su shiga su yi shaida. Kwamiti ya ce kowa yana iya tara 'yan dako ya koya musu abin faɗi, takarda ake so. Takarda kuwa ta zama shara. Shi dattijon da kansa, don ya san Kawu shekara ashirin, ya nemo masa ƙofar fita. Ya tambaye shi a gaban kowa, ko yana ganin manhajar ce ta yi kuskure?

"Da ya ce e, da mun ɗage mun kira ku. Sai ya ce 'yarsa ce ta yi ta, kuma ta faɗa masa da bakinta cewa tana ganewa da kanta. Ya ce shi ba zai tsaya a gaban mutane ya ƙaryata 'yarsa ba. Ya nemi biro ya rubuta ya ajiye aiki."

Ban iya ɗaga kai ba.

"Kuma kin san doka," in ji dattijon. "Wanda ya fita a kan irin wannan, sai mai gadi ya bincike kayansa a ƙofa. Duk 'yan sito suna tsaye."

Ya ce in jira, ya hau da wasiƙar wurin babban shugabansu. Na zauna ina jiran a soke kwangilar, har ina jin kamar in an soke zan samu sauƙi. Minti ashirin ya dawo. Shugaban ya ce ba komai, kowace na'ura tana da gyara, mu mayar da maɓallin kafin ƙarshen wata. Za a rubuta wa Kawu takardar wanke suna, a biya shi haƙƙinsa cikakke. Sito kuwa an riga an ba wani. Ko ɗaga murya ba wanda ya yi. Abin da na ji tsoro har na bar mutum ya nutse, ashe bai kai tsawon shan shayi ba.

Na karɓi kwafin wasiƙar na nufi gidan Kawu.

Na same shi a tsakar gida a kan kujerar roba, yana gyara wata tsohuwar rediyo, ya jera ƙananan sukurori a murfin gwangwani. Bai rame ba, bai canza ba, sai dai ban taɓa ganinsa a gida da hantsin ranar aiki ba. Matarsa ta amsa sallamata daga ɗaki, ba ta fito ba. Na durƙusa na gaishe shi. Ya amsa da sakin fuska, ya tambayi aiki, ya tambayi Zomo, ya ce ya ji an sa hannu, Allah ya sa alheri.

Na faɗa masa komai. Daƙiƙa goma sha ɗaya, da taron Talata, da ƙaryar da na yi masa a waya. Ina magana ina kuka, irin kukan da ba ya rage komai. Na ce za a wanke sunansa, za a biya shi, za a mayar da maɓallin. Abu ɗaya ne ban faɗa ba. Na bar shi ya ɗauka cewa sai jiya na gano inda matsalar take.

"Ga wasiƙar da na kai musu, Kawu."

Ya goge hannunsa a tsumma, ya sa tabarau. Ya karanta tun daga sama har sa hannuna, a hankali, leɓensa yana motsi. Ya juya ta ya dubi baya. Fari ne tas. Ya sake juyo gaba, sai na ga idonsa ya koma can sama, gefen dama, ya tsaya.

A lokacin na tuna. Ban canza kwanan watan ba.

Mutumin da ya yi shekara ashirin da tara yana gane rasit ɗin da aka rubuta jiya aka sa masa kwanan makon jiya, ba shi za a ɓoye wa kwana goma ba. Ya ɗago ya dubi kalandar da ke rataye a bangon baranda, kamar yana so ya ba ni dama ko shi ne ya yi kuskure. Sha uku ga wata.

"Uku ga wata," in ji shi. "Ranar da aka dakatar da ni."

"Kawu…"

"Rubutun kam an yi shi a kan lokaci." Ya ninke ta biyu, ya daidaita gefunan da farce. "Hausar ma ta yi kyau. Ba kuskure ko ɗaya."

Na jira faɗa, na jira zagi, na jira ko ya ce in tashi in bar masa gida. Ya ajiye wasiƙar a ƙarƙashin murfin gwangwanin don kada iska ta ɗauke ta.

"Tun ranar da na kira ki na so in gane," ya ce. "Na'ura ba ta ganin abin da ba a nuna mata ba, wannan ko ni na sani. Amma na ce tunda ke kika faɗa, haka ne. Laifina a nan, ban juya maganar ba." Ya ɗauki sukundireba. "Rassan nan goma sha huɗu, kowanne da mai sito, kowanne da 'yan dakonsa. Akwai na reshen bakin gada, yaransa bakwai. Kada ki jira ƙarshen wata."

"Gobe za a mayar, Kawu. Wallahi gobe."

"To madalla."

Aka mayar kuwa washegari, kuma har yau yana nan. Zomo bai ƙara kawo agogo taro ba. Yanzu mun kai mutum ɗari biyu, muna da hawa biyu a ginin, kuma duk sabon ma'aikaci sai an koya masa dalilin maɓallin baya, ba tare da an faɗa masa wa ya biya kuɗinsa ba. Takardar wanke suna ta iso bayan mako uku. Mama ta ce ya karanta, ya juya, ya sa a akwati.

Amma a ranar, da na tashi tafiya, sai ya ajiye rediyon ya rako ni har bakin ƙofa, kamar yadda ya saba tun ina 'yar makaranta. Ya riƙe mini ƙyauren, ya dubi motar kamfani da ke jira na a bakin titi, da takenmu a jikinta. Na tsaya ina jiran kalmar da yake sallamata da ita shekara talatin da huɗu.

"Allah ya kiyaye hanya," in ji Kawu. "Ki gaida mutanen ofis, Manaja."